Lambun dashe a Agege mai sayar da furannin ƙasarmu

Wanda ya bi titunan Legas yana neman abin shukawa a gida, mafi yawan abin da zai tarar wurin masu sayar da fulawa baƙi ne: bougainvillea daga Kudancin Amurka take, jan ixora kuwa daga Indiya. Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi bayani kan wani ƙaramin lambun dashe da ke yankin Agege, wanda mai shi ya ware sashe guda domin tsirran da ke fitowa da kansu a dazuzzukanmu, ga masu son mayar da wani ɓangare na farfajiyar gida ya zama fagen furannin daji.

Abin da ya fi daraja a wurin shi ne shawarar dattijon da ke kula da shi. Kafin ya karɓi kuɗina sai da ya ce, "Alhaji, ƙasar gidanka ja ce ko rairayi, kuma ruwa yana kwanciya a cikinta?" Tambayar tana da tushe, domin jan ƙasar Agege da Ikeja ba ɗaya take da rairayin Lekki ba. Ya hana ni zuba taki, yana mai cewa ƙasa mai ƙarfi ciyawa take ciyarwa, ita kuma ta danne furanni. Ya kuma nace a kan in fara tone saiwar tofa gaba ɗaya, in tumɓuke ciyawar nan da Yarbawa ke kira Akintola, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne, sannan in jira saukar ruwan Afrilu kafin in yi dashe, domin tsirran su kafu sosai kafin ɗan tsaikon ruwan da ake samu a watan Agusta.

Daga cikin abin da na saya akwai albasar kwaɗi mai manyan furanni farare, da wani tsiro da Yarbawa ke kira yunyun, mai rawayan fure da ke jawo malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma, da kuma Clappertonia mai fure shunayya, wadda aka raɗa wa sunan Hugh Clapperton, Baturen da ya rasu a Sakkwato a 1827. Ita wannan wuri mai laima take so, don haka kusa da magudanar ruwa na kafa ta. Wadda ta fi shiga raina ita ce Costus spectabilis, furen ƙasa na Najeriya da ke ƙasan tambarinmu. Ganyenta yana kwanciya a ƙasa, furenta rawaya ne, kuma da rani takan ɓace ƙurmus har mutum ya ɗauka ta mutu, alhali saiwarta tana nan da rai tana jiran damina. Abin baƙin ciki ne a ce yaranmu sun san hotonta amma ba su taɓa ganinta a ƙasa ba.

Akwai gatarin kurege mai jan fure da ke hawa shinge, amma mai lambun ya faɗa mini a fili cewa dukkan jikinta dafi ne, musamman saiwar, ya ce kada mai ƙananan yara ko awaki ya kai ta gida. Ban saya ba.

Wurin yana da nasa naƙasu. Babu suna a jikin ledojin dashen, sai abin da dattijon ya riƙe a ka, saboda haka ranar da ba ya nan yaransa ba sa iya bambance wannan da waccan. Kayan ma ba su da yawa, kuma farashinsu ya ɗara na fulawar bakin titi, ko da yake ba sa neman ban-ruwa kullum da zarar sun kafu. Game da fargabar macizai da maƙwabta suka nuna, ya ba da shawarar a riƙa sassabe gefen fagen, a bar hanya a tsakiya, sannan a yanke duka bayan iri ya zube da shigowar rani. Mai niyyar zuwa ya je tun cikin watan Maris ya ba da sautu, domin da ruwa ya sauka kayan ƙarewa suke yi.