Gargaɗi ga masu haɗa bidiyo a Katsina: "Malamin" nan mai koyarwa kyauta a WhatsApp ɗan damfara ne

Assalamu alaikum. Wata huɗu ina riƙe da maganar nan a ciki saboda kunya. Abin da ya sa na fasa yin shiru, shekaranjiya wani yaro ɗan unguwarmu ya shigo shagona da murna, ya miƙo mini waya yana cewa, "Yaya, dubi kyamarar da zan saya, gobe zan tura kafin alƙalami." Ina kallon hoton gabana ya faɗi. Ita ce dai, a kan koriyar dardumar nan, da ɗan ƙwarzane a gefen murfin gilashinta. Da wannan hoton aka raba ni da naira dubu 85. Mutumin ya sake suna, ya sake lamba, amma ko wahalar sake hoto bai yi ba.

Ni tela ne, ɗinki ke ciyar da ni. Haɗa bidiyo sha'awa ce da ta kama ni shekara uku da suka wuce, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Da daddare nake bin darussa a YouTube, na fara da manhajar tace bidiyo ta KineMaster, daga baya na koma CapCut. Abin da nake so in ɗauka shi ne garinmu: Hasumiyar Gobarau da sassafe kafin rana ta yi zafi, hada-hadar Ƙofar Ƙaura, maƙera a bakin wuta, dawakai a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah. Duk wanda ya koyi abin nan da waya ya san ciwonsa. Iska ta cinye maka murya, hannu ya yi rawa, kana tsakiyar ɗauka wayar ta ce ta cika. Sai ka wayi gari ba abin da kake mafarki kamar kyamara ta gaske. Ta wannan ƙofar mutumin nan yake shigowa, kuma ya san ta sarai.

A Facebook na ga sanarwar, wai ana koyar da ɗaukar bidiyo da tacewa kyauta ga matasan Arewa. Na danna, na tsinci kaina a wani guruf na WhatsApp, mu kusan 200, daga Katsina, Daura, Funtua, Malumfashi, har da 'yan Maraɗi. Ga abin da nake so ku riƙe: darussan na gaskiya ne. Shi ya fara gaya mini in daina ajiye mutum rana tana bayansa, in juyo da fuskarsa wajen haske. Shi ya ce mu riƙa goge gilashin kyamarar waya kafin kowace ɗauka, mu kwantar da waya idan na YouTube ne, mu tsayar da ita idan na TikTok ne, mu yanke shirun da ke tsakanin magana. Kana tura aikinka zai saurara ya yi maka gyara da muryarsa, cikin Hausa mai daɗi da addu'a a ƙarshe. Mako uku cur bai ambaci kuɗi ba. Malam muke ce masa, kuma har zuciya muke faɗa.

A mako na huɗu ya ce ya ga muna fama da sauti, yana da ɗan'uwa mai shigo da kaya, zai samo mana ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga da katin memori a farashin sari. Na tura dubu 13, makirufo ɗaya da kati mai 128GB. Bayan kwana uku wani direban motar Kano ya kira ni in zo tasha in karɓi saƙo. Kaya sun iso. Makirufo yana aiki, na sa katin a waya ya nuna 128GB. Guruf ya cika da godiya. Daga baya, da muka zauna mu waɗanda abin ya shafa, muka gano cewa lambobin da suka fi kowa zuba yabo ba wanda ya san masu su, kuma rana ɗaya suka mutu tare da tasa. Amma ba zan ɓoye ba, cikin masu yabon na gaske har da ni. Da bakina na yi murya na ce Malam mutumin kirki ne, kuma na san mutum biyu da suka tura kuɗi saboda sun ji ni. Wannan ya fi kuɗin ci mini rai.

Sai ga kyamara. Canon 700D tokumbo, da gilashinta da batir biyu da jaka, guda biyar kacal, dubu 170, a biya rabi yanzu, rabi idan ta iso. Da safe ya ce saura uku, bayan la'asar ya ce saura ɗaya. Alamu sun bayyana tun a lokacin, ni ne na runtse ido. Ya rubuta cewa tana ɗaukar 4K, wato bidiyo mai tsananin tsabtar hoto, alhali wannan samfurin tun 2013 ya fito, kuma iyakarsa 1080, wanda bai kai 4K ba. Minti biyu na bincike ya isa ya nuna mini haka, kuma wanda ya taɓa riƙe ta ba zai yi wannan kuskure ba. Sunan da ke kan asusun da ya turo daban yake da sunan da muka san shi da shi, ya ce na yaron shagonsa ne. Na tambayi inda shagon yake, ya ce Legas, ya tsaya a nan. Da na gaya wa mahaifiyata zan taɓa kuɗin da nake tarawa na sabon keken ɗinki, ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, tun yaushe ake cinikin biri a sama?" Maganarta ta sa na kira shi.

Na ce, "Malam, don Allah ka yi haƙuri, ko za ka nuna mini ita ta kiran bidiyo, in gan ta a kunne?"

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Haba ƙanena. Duk abin da na koya maka ban karɓi ko sisi ba, yau ni kake zargi? Ba komai, bar shi, akwai wata baiwar Allah a Funtua da ke roƙona tun jiya."

Kunya ta rufe ni. Na ba shi haƙuri, na je wajen mai POS na tura. Ku lura da wannan dabarar, domin ita ce makaminsa na gaske: mako ukun nan na kyauta bashi ne yake ɗora maka, ranar da ka yi tambaya sai ya tuna maka da shi. An tarbiyyantar da mu a kan kada mu tuhumi wanda ya koya mana abu, shi kuma da wannan tarbiyyar yake farauta.

Sauran labarin gajere ne. Mako ɗaya, kaya suna hanya. Mako biyu, wai an tsare motar, kowa ya ƙara dubu 15 a fito da ita. Ni ban ƙara ba, wasu sun ƙara. Sai aka kulle guruf ba mai iya magana sai shi, washegari aka cire mu ɗaya bayan ɗaya, lamba ta daina shiga. Da muka nemi juna muka ƙirga, mu 11 ne muka biya kuɗin kyamara "biyar", kuma kowa an gaya masa a ɓoye cewa tasa ce ta ƙarshe.

Amma asarar da ta fi girma ba kyamarar ba ce, katin memorin nan ne da ya iso lafiya har na yi godiya a kansa.

Jabu ne. Ƙaramin kati ne mai kamar 8GB da aka yi wa dabara a cikinsa yake gaya wa waya cewa shi 128GB ne. Waya ba ta da yadda za ta gane, abin da katin ya faɗa shi take nunawa. Muddin ba ka wuce ainihin girmansa ba, komai zai yi aiki daidai, shi ya sa gwajin da muke yi a gida na minti biyu ko uku ba ya tona shi. Bidiyo mai 1080 a waya yana cin sama da 100MB a kowane minti, wato kusan awa ɗaya ta ishe ka cika kati irin wannan. Daga nan duk abin da ka ɗauka, za ka ga sunansa, za ka ga girmansa, amma babu komai a ciki. Wani irin ma komawa yake ya bi ta kan na farko ya goge.

Ni na mai da wayata tana ajiye komai a katin. Bayan ƙaramar Sallah na hau mota na tafi Daura wajen kakata, wadda ta haifi mahaifina. Na daɗe ina son in ɗauke ta tana magana. Ta zauna a tabarma a inuwar ɗakinta, na maƙala mata makirufo a mayafi tana dariya tana cewa me wannan ƙwaron zai yi mata. Kwana biyu muna hira. Ta ba ni labarin yadda ake Sallar Gani tana yarinya, da yadda suke zuwa kallon hawa, da ranar da aka fara kai ta rijiyar Kusugu, ta jero mini sunayen kakanninmu har bakwai da garuruwan da suka fito, ta yi mini waƙoƙin da suke yi a bakin dutsen niƙa. Sama da awa uku. Na dawo Katsina, na zauna zan fara tacewa, ban da ɗan guntun farko, fayil ya ƙi buɗewa. Na biyu ya ƙi, na uku ya ƙi. Na kai wa masu gyara a nan, na kai Kano kasuwar Farm Centre, duk amsa ɗaya: ba a taɓa rubuta komai a wurin ba, babu abin da za a dawo da shi. Na ce zan koma bayan damina in sake ɗauka. Allah ya karɓi abarsa kafin damina ta ƙare. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Don haka duk wanda ya sayi kati a hannun mutumin nan, ko a ko'ina da araha mai ban mamaki, ya cire shi yau, kada ya jira biki ko suna. Akwai wata manhaja ta kyauta a kwamfuta mai suna H2testw, tana cika katin gaba ɗaya sannan ta karanta ta gaya maka ainihin girmansa. Takan ɗauki lokaci, a bar ta ta gama. Wanda ba shi da kwamfuta ya kwafa manyan bidiyoyi har katin ya kusa cika, sannan ya buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe ya kalla. Kuma abin da ba zai maimaitu ba, a kwafe shi wuri na biyu a daren da aka ɗauke shi.

Akwai kuma wani reshe na damfarar da bai same ni ba amma ya sami wata 'yar'uwa a guruf ɗin, mai bidiyon girki. Ya ce mata zai buɗe mata hanyar samun kuɗi a YouTube, ta biya shi, sannan ya ce ta turo masa lambobin da za su shigo wayarta. Ta tura. Cikin awa ɗaya tasharta ta fita daga hannunta, aikin shekara biyu. Ku sani, neman shiga tsarin biyan kuɗi na YouTube kyauta ne, kuma da kanka kake nema daga cikin tasharka. Sharaɗin samun kuɗin talla a bayyane yake: mabiya 1,000, sannan ko dai awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Ba wani malami da ke da ƙofar baya. Lambobin nan da ake turo maka a waya makullin gidanka ne, duk wanda ya nema, ko da wace irin murya, gidan yake so.

Mun kai ƙara wajen 'yan sanda, mun je banki, mun rubuta wa EFCC. Abin da na koya a nan shi ne lokaci: mu mun yi mako uku muna jiran "kaya suna hanya", kafin mu motsa an kwashe kuɗin tuni. Wanda ya riga ya tura, ya je bankinsa yau da shaidar turawa, ya ɗauki hoton duk hirarsu da lambar asusun kafin a goge, domin yana goge saƙonni kafin ya gudu.

Ba ina cewa kada a sayi tokumbo ba, yawancinmu ita ce daidai aljihunmu. Amma a riƙe ta a hannu tukuna. A kunna ta, a ɗauki bidiyo na minti goma a ga ko za ta mutu, a ɗaga gilashin a haske a duba ko akwai farin zare-zare na funfuna a ciki, a ɗauki hoton farin bango a ga ko akwai ɗigo, a gwada ramin makirufo, a rubuta lambar da ke ƙasanta a kan rasit. Idan daga nesa ne, a nemi wanda aka sani a garin ya je ya gani da idonsa, ko a biya bayan ta iso. Mai kaya na gaskiya ba ya fushi don an ce a gani.

Yaron unguwarmu bai tura ba, alhamdu lillahi. Ya nuna mini sabon guruf ɗin, mutum 160 ne a ciki, suna mako na huɗu, an riga an raba makirufo da kati. Na saurari muryar "Malamin", ita ce, har addu'ar ƙarshen ba ta canza ba. Na sa yaron ya tura gargaɗi a ciki, cikin minti biyar aka goge aka cire shi. Idan kana da ƙane ko ƙanwa ko ɗa da ke koyon abin nan, karɓi wayarsa yau ka duba ko akwai kyamara a kan koriyar darduma.

Daga cikin awa ukun kakata, minti huɗu na farko ne kawai suka tsira, inda take gyara mayafi tana tambayata ko an fara. Su na tura wa 'yan'uwa ranar addu'ar uku.