Science Fiction: Shekara 25 na Utada Hikaru a Faifai Biyu

A ranar 10 ga Afrilu, 2024, mawaƙiyar Japan Utada Hikaru ta fitar da Science Fiction, tarin zaɓaɓɓun waƙoƙi 26 a faifan CD biyu, domin bikin cika shekara 25 da fara sana'arta. Kundi ne mai daɗin sauraro ƙwarai, amma duk wanda ya saye shi da niyyar bin tarihin mawaƙiyar daki-daki zai sha mamaki, saboda ba a jera waƙoƙin bisa shekarun fitowarsu ba.

An haifi Utada a birnin New York a 1983. Mahaifiyarta, Fuji Keiko, shahararriyar mawaƙiyar enka ce, wato salon waƙoƙin begen nan na Japan, mahaifinta kuma mai shirya waƙoƙi ne. Tana da shekara 15 ta fitar da "Automatic" a watan Disamba na 1998, sannan kundinta na farko da Jafananci, First Love, ya biyo baya a Maris na 1999, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 7 a Japan kaɗai, kuma har yau babu kundin da ya kamo shi a kasuwar ƙasar. A 2010 ta sanar cewa za ta jingine waƙa na ɗan lokaci domin ta yi rayuwa irin ta kowa, mahaifiyarta ta rasu a 2013, ita kuma ba ta dawo da cikakken kundi ba sai a 2016 da Fantôme.

Wannan giɓi na tsakiya shi ne ya raba sana'arta gida biyu, kuma shi ne jerin Science Fiction ya ƙi yarda da shi. A faifai na farko, da zarar "First Love" ta ƙare, waƙar rabuwa da yarinya ta rera tun ba ta gama makarantar sakandare ba, sai "Hanataba o Kimi ni" ta 2016 ta shigo, wadda masu sauraro da dama suke ɗauka a matsayin bankwana ga mahaifiyarta. Shekara 17 ne tsakaninsu, amma da aka ajiye su kafaɗa da kafaɗa sai kunne ya gane cewa tun farko rashi ne jigon da ta fi ƙwarewa a kai, illa dai a ta farko tana ja da muryar har ƙarshen numfashi, a ta biyu kuwa tana sakin kalma ta bar fiyano ya ƙarasa maganar. A ganina wannan haɗi shi kaɗai ya isa hujjar watsi da jerin shekaru.

Waƙoƙi uku ne ta sake rerawa tun daga tushe: "Addicted to You", "Hikari" da "traveling". A nan ne ra'ayi zai rabu. Muryarta ta yanzu ta fi ta da kauri da natsuwa, kuma hakan ya yi wa "Hikari" kyau, waƙar da mutane da yawa a wajen Japan suka san ta ta hanyar wasan kwamfuta na Kingdom Hearts na 2002. "Addicted to You" kuwa, wadda Jimmy Jam da Terry Lewis na Amurka suka shirya asalinta a 1999, waƙa ce ta ɗoki da rashin haƙuri, kuma macen da ta kai shekara 41 ba za ta iya ƙirƙiro wannan zumuɗi ba, ko da ta fi gwanancewa. Sabuwar ta fi tsabta, tsohuwar ta fi zafi, kuma da ni ne mai zaɓi da na bar tsohuwar ta buɗe kundin.

Sauran tsofaffin waƙoƙin an sake haɗa sautinsu ne kawai ba tare da taɓa muryar asali ba, kuma aikin ya yi kyau ba tare da wuce gona da iri ba. A "Automatic" ganguna sun fito fili, muryar ta matso gaba, har mai sauraro yana iya jin yadda take yanke kalmar Jafananci a tsakiya domin ta dace da bugun kiɗan R&B na Amurka, abin da ya ba mutane mamaki a lokacin da waƙar ta fito. Wanda ke saurare ta ƙaramar lasifikar waya ba zai lura da bambancin sosai ba, sai dai ya sa abin kunne mai kyau.

Babban abin da zan yi ƙorafi a kai shi ne abin da aka bari a waje. Babu ko waƙa ɗaya daga kundayenta na Turanci, Exodus na 2004 da This Is the One na 2009, alhali kuwa ƙoƙarinta na shiga kasuwar Amurka, duk da bai kai inda aka yi fata ba, babi ne da ba a tsallake shi idan ana maganar sana'arta. Haka kuma babu "Sakura Nagashi" ta 2012, wadda ta fito ana tsakiyar hutun nata. Waƙar da ta rufe faifai na biyu, "Somewhere Near Marseilles", asalinta kusan minti 12 ce a kundin BAD Mode na 2022, kuma tsawon nan shi ne ƙarfinta, amma a nan an datse ta.

Sabbin waƙoƙin, irin su "Electricity", ba su yi nauyin tsofaffin ba, sai dai ba su kunyata kundin ba. Wanda bai taɓa jin Utada ba zai iya farawa daga nan hankalinsa kwance, kuma tarin yana samuwa a manhajojin sauraron waƙa ga wanda ba ya buƙatar faifai. Wanda kuma yake da tsofaffin kundayenta, waƙoƙi ukun da aka sake rerawa ne kawai za su ja shi, kuma gara ya fara sauraron su a intanet kafin ya fitar da kuɗinsa.