Extract Corridor Solids a Civil 3D: yana aiki, amma sai an gyara masa titin tukuna

Duk injiniyan da ke zana titi da Civil 3D na kamfanin Autodesk ya san cewa abin da manhajar ke kira Corridor ba jiki ne mai kauri ba. Jerin yankan titi ne da aka jera a kan layin tsakiya, aka haɗa su da layuka. Idan mai aikin gada ko mai shimfiɗa bututun ruwa ya buƙaci titin a dunƙule, kwalta daban, dakakken dutse daban, jar ƙasa daban, Extract Corridor Solids ake nema. Yana cikin manhajar, ba a sayensa daban.

Amfani da shi ba wuya. A danna titin, a zaɓi umarnin a saman allo, sai shafuka uku su biyo. A na farko ake zaɓar abin da za a ciro da leyar (layer, wato rukunin zane) da kowanne zai sauka. Nan ne ya kamata a natsu, a sa sunan leya ya ɗauki sunan shimfiɗar, wato Pave1, Pave2, Base, Subbase, Curb. In ba haka ba, komai zai taru a leya guda, rarrabewa kuma ta zama aikin yini. Shafi na biyu na bayanan da za a liƙa wa kowane dunƙule ne: sunan titi, inda ya fara da inda ya ƙare, gefen dama ko hagu, da yawansa a mita kubik. Wannan shi ne mafi kyawun abin da kayan aikin ya zo da shi, domin bayanan suna bin dunƙulen har cikin Navisworks, manhajar haɗa zanen sassan aiki, mai duba karo (inda wani sashe ya shiga cikin wani) ya danna ya ga ko wace shimfiɗa ce bututu ya huda. Na uku yana tambayar inda za a zuba: wannan fayil, wani da ke akwai, ko sabo.

A miƙaƙƙen titi ba shi da makusa. Layin mota mai faɗin mita 3.65, dakakken dutse mai kaurin milimita 150, tsawon kilomita 1, lissafin hannu ya ba da mita kubik 547.5, dunƙulen ma haka zai nuna.

A kwana ake ganin halinsa. Manhajar tana haɗa yanka da yanka ne da miƙaƙƙen layi, don haka tazarar da aka sa tsakanin yankan ita ke yanke hukunci. A kwana mai radiyos mita 30, irin na mahaɗa ko shataletale, tazarar mita 10 za ta kauce wa ainihin lanƙwasar da kusan santimita 42 a tsakiyar kowace tazara. Dakalin gefen titi zai fito a kakkarye, kuma Navisworks zai yi ta ƙirga karo da lambatu a inda babu karo. A rage tazarar zuwa mita 2, kaucewar ta dawo ƙasa da santimita 2. Sai dai kada a ce tunda haka ne a sa mita 1 a titin gaba ɗaya. Fayil zai yi nauyi, kwamfuta ta riƙa ja da ƙyar. A raba titin yanki-yanki, a matse tazara a kwana da wurin karkatar titi, a sassauta ta inda titin ya miƙe.

Matsala ta biyu tana cikin ƙaramar kwana, inda faɗin titi ta ciki ya fi radiyos. Yankan suna haye juna, dunƙulen ya fito a murɗe ko ya ƙi fitowa sam, kuma ba kullum manhajar ke nuna takamaiman wurin ba. Sai an bi da ido. Gyaran yana kan titin, ba a kan dunƙulen ba.

Haka nan, abin da ba rufaffiyar siffa ba ce ba ya zama dunƙule mai kauri. Gangaren gefen titi da ke sauka zuwa ƙasar asali layi ne kawai, don haka ba za a samu yawan ƙasar da za a cika ko a yanke daga nan ba. Wannan lissafin ana samunsa ne ta kwatanta shimfiɗar ƙasa biyu. Masu ƙera nasu sassan yankan titi a manhajar Subassembly Composer su tabbata layukan sun rufe kuma siffar tana da suna, domin mafi yawan kukan "lambatuna bai fito ba" daga nan yake.

Akwai zaɓin ɗaure dunƙulen da titin, ta yadda duk gyaran da aka yi zai bi. Yana aiki ne kawai idan an zuba a fayil ɗaya da titin, kuma kowane sake gini yana ƙara jinkiri. A babban aiki gara a fitar zuwa sabon fayil, a sake fitarwa bayan gyara.

Mai kai dunƙulen cikin Revit, manhajar zanen gine-gine, ya kula da lambobin wuri. Awon safiyo a Kano a tsarin lambobin taswira na UTM ya haura mita miliyan 1.3 daga ikwaita, Revit kuwa yana rikicewa da abin da ya yi nisa haka da cibiyarsa, layuka su riƙa rawa. A daidaita wurin farawa da mai ginin kafin a aika.

Ga duba karo, nuna wa mai aiki siffar titi, da fitarwa zuwa IFC (tsarin fayil na musayar zane tsakanin manhajoji), kayan aikin ya cancanci amfani. Ga takardar biyan ɗan kwangila kuwa, a riƙe shi a matsayin abin gwada lissafi, tunda Compute Materials, umarnin lissafin yawan kayan titi a Civil 3D, galibi yana bin matsakaicin faɗin yanka biyu ne, kuma a kwana alƙaluman biyu za su ɗan saɓa. Idan saɓanin ya yi yawa, a fara duba tazarar yankan da mahaɗar yankuna, inda ake yawan samun giɓi ko haye.