Sharhi kan hotunan da ake auna warkewar ƙashi da su bayan tiyatar gyaran ƙafa

An yi mini tiyatar gyaran ƙashin ƙwauri bayan karayar da ta haɗe a karkace, ta bar ƙafar ta fi 'yar'uwarta gajarta. Likitoci sun yi amfani da zobban ƙarfe da wayoyi masu ratsa ƙashi, wato dabarar da likitan nan Gavriil Ilizarov ya ɓullo da ita a garin Kurgan na Rasha a shekarun 1950. Abin da zan yi sharhi a kansa shi ne ɗaukar hotunan da aka riƙa bibiyar ƙashin da su, domin a kansu ne kusan duk shawarar da aka yanke ta dogara.

Yadda aikin yake shi ne, ana yanka ƙashin a dakata kwana 5 zuwa 7, sannan a fara raba gutsattsarin biyu da kimanin milimita 1 a kowace rana, galibi a kashi huɗu, jiki kuma yana ta cike giɓin da sabon ƙashi mai taushi. A wannan lokaci ana ɗaukar hoton eksire kusan kowane mako biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe, don a ga ko sabon ƙashin yana biye da saurin jan. Idan ya yi siriri a tsakiya sai a rage sauri, idan kuma yana neman ƙanƙarewa tun ba a kai tsawon da ake so ba sai a ƙara. Na ga amfanin hakan da idona, domin hoto ne ya sa aka sassauta mini jan na ɗan lokaci, alhali ni ban ji wani canji a jikina ba.

Inda eksire ya gaza shi ne farkon tafiya. Ba ya nuna sabon ƙashi sai sinadarin kalsiyam ya taru a cikinsa, saboda haka a makonnin farko giɓin yakan fito baƙi kamar babu komai a wurin, kuma wannan na tayar da hankalin marar lafiya ƙwarai. Na'urar sikanin da ke aiki da sauti, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, ita ce ta nuna alamun sabon ƙashin tun kafin eksire ya gan shi, kuma ba ta jefa wa jiki hasken nan mai ratsa nama wanda yawansa ke da illa. Sai dai amfaninta kan ragu da zarar bangon ƙashin ya fara tauri, tunda sautin ba ya wuce shi.

Babbar tambaya, wadda ta fi damun duk wanda ke ɗauke da ƙarfen nan, ita ce yaushe za a cire shi. Lokacin jiran ƙashi ya yi ƙwari yakan ninka na jan, kuma a ƙiyasin da aka saba yi, kowane santimita ɗaya na tsawon da aka ƙara yana cin wata guda ko fiye, musamman ga manya da masu shan taba. Ƙa'idar da likitana ya bi sananniya ce: hotunan eksire biyu, na gaba da na gefe, suna nuna bangon ƙashi ta fuska huɗu, gaba da baya da gefe biyu, kuma ba a maganar cirewa sai aƙalla uku sun haɗe ba tare da yankewa ba. Ƙa'idar tana da sauƙin fahimta, amma da ido ake yanke hukuncinta, kuma na shaida ranar da likitoci biyu suka dubi hoto ɗaya, wannan ya ce uku sun haɗe, wancan ya ce biyu ne. Wannan ba ƙaramin saɓani ba ne. Idan aka yi gaggawa ƙashin na iya lanƙwashewa ko ya sake karyewa, idan aka yi jinkiri kuma ramukan wayoyin na ci gaba da kamuwa da ciwo, gaɓoɓi suna ƙara sanƙarewa. Hoton CT, wato sikanin da kwamfuta ke haɗawa daga hotunan eksire na kusurwoyi da yawa, shi ne ya warware maganar, domin yana nuna ƙashin yanki-yanki ba tare da zobba sun tare shi ba, ko da yake ƙarfe yakan ɗan ɓata shi, kuma haskensa ya fi na eksire yawa, shi ya sa ba a yawaita shi.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma ina ganin yana da nauyi. Ba kullum ake ɗaukar hoton a yanayi ɗaya ba. Wani ma'aikacin yakan juya ƙafar kaɗan, wani yakan bar sandar ƙarfe ta rufe daidai wurin da ake son gani, ko a manta da ɗan ƙwallon awo da ake ajiyewa kusa da ƙafa don a san ainihin tsawo. Hoton da ba a ɗauka ta kusurwar na baya ba, ba ya kwatantuwa da shi, kuma sakamakon haka shi ne maimaitawa da ƙarin haske a banza. Ina shawartar duk mai wannan jinya ya nemi a rubuta yadda aka saita ƙafarsa, ya adana hotunansa a jere bisa kwanan wata, ya kuma roƙi likita ya nuna masa bangon da ake magana a kai, ba a ce masa "yana kyau" kawai ba.

Na kuma yaba da cewa ba a tsaya ga hoto kaɗai ba. Kafin cirewa an sassauta notocin ƙarfen domin ƙashin ya ɗauki nauyin jiki da kansa, aka bar ni ina takawa a haka, sannan aka sake hoto don tabbatar da cewa bai gusa ba kuma babu zafi a wurin. Sai da wannan gwajin ya yi daidai da abin da hotunan suka nuna aka sa ranar cire ƙarfen.