Waya, GoPro ko CCTV: da me za ka ɗauki hannun telolinka?

Idan ɗinkin Sallah yana kwana a shagonka duk da teloli ba sa hutawa, sau da yawa lokacin yana zurarewa ne a ƙananan motsi: neman almakashi a ƙarƙashin yadi, miƙewa ɗauko zare, komawa teburin guga. Ido ba ya kama su, kyamara tana kamawa. Wani magini ɗan Amurka, Frank Gilbreth, ya rage motsin ɗora bulo ɗaya daga 18 zuwa kamar 5. Daga baya shi da matarsa Lillian suka riƙa ɗaukar ma'aikata a fim, da agogo a gefen hoton don a ƙirga daƙiƙoƙi.

To, me za ka saya?

CCTV, wato kyamarar tsaro, tana nuna zirga-zirga daga sama, wa ya tashi, sau nawa. Amma yawanci ba ta wuce hoto 25 ko 30 a daƙiƙa, kuma tana nesa, ba za ka ga yatsu a kan allura ba. GoPro, ƙaramar kyamarar bidiyo da ake maƙalawa a jiki ko a kan wani abu, ta fi ta a nan, sai dai tsada, batirinta ba ya jimawa, kuma gefen hotonta yana lanƙwashewa.

Ni dai waya nake ba da shawara. iPhone tun daga 6 tana ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa, wanda in ka kunna sai hannu ya koma tafiyar hawainiya, kuma manyan wayoyin Samsung da yawa suna yi. Idan za ka ɗauki ta hannu a kasuwar waya ta Farm Centre ko Beirut Road a Kano, gwada a gaban mai shago: kaɗa yatsunka, ka ɗauka, ka duba ko hoton ya yi duhu. Irin wannan ɗauka tana cin haske, wasu ƙwayayen lantarki ma sai ka ga suna ƙyaftawa a ciki, don haka matso da keken bakin ƙofa da rana. Tana kuma cin wuri, ka duba girman ma'ajiyar wayar.

Kada ka fito daga kasuwa ba tare da mariƙin waya mai ƙafa uku ba. Hoton da hannu ya girgiza ba ya aunuwa, kuma dole ɗaukar yau da ta bayan gyaran tsarin aiki su fito daga kusurwa ɗaya.

Kafin ka kunna, ka nemi yardar telan, ku zauna ku kalla tare. Sau da yawa shi zai fara cewa, "Oga, a dawo min da kwandon zaren nan hannun dama."