Amfilifayar jita mai gurnani: Peavey 6505, Marshall DSL40CR ko Boss Katana 50?

Yawancin masu sayen amfilifayar jita a shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari hanya ɗaya suke gwada ta: a murɗa maɓallin Gain (mai ƙara gurnani) har ƙarshe, a rage Middle (tsakiyar amo), a ƙara Bass (ƙasan amo), a doki tsirkiya. Amon ya cika shago, mai saye ya ciro kuɗi. Ranar da aka haɗa ta da ganguna da jitar bas da fiyano sai a nemi jitar a rasa, ba abin da ke fitowa sai shuuu. Dalili kuwa, muryar jita a tsakiyar amo take zaune. Ƙasa na bas ne da babbar ganga, sama na faifan ƙarfen mai ganguna ne. Wanda ya zare tsakiya ya zare jitar gaba ɗaya.

Saboda haka ka je shago da jitarka da wayar da kake jona ta da ita, kada ka yarda da jitar da aka rataye a bango. Idan fikof ɗinka, wato abin ɗaukar amo da ke ƙarƙashin tsirkiya, mai naɗi ɗaya ne, zai yi gunji sosai da zarar Gain ya hau. Hambaka, wato fikof mai naɗi biyu, ita ce ke kashe wannan gunjin. Ka ajiye Bass da Middle da Treble (saman amo) duk a tsakiya, Gain a kan 4 ko 5. Ka danne tsirkiya mai kauri da gefen tafin hannu ka buga da sauri, sannan ka tsaya cak. Amfilifaya mai kyau tare da hannunka za ta tsaya. Wadda ƙasanta ya yi sako-sako za ta ci gaba da ruri bayan ka ɗauke hannu. Daga nan ka kama tsirkiya shida gaba ɗaya ka saurara: kana jin kowace da muryarta, ko sun dame kamar kunu? Na ƙarshe, ka rage maɓallin ƙara na jikin jitar zuwa rabi. Idan gurnanin ya lafa amo ya washe, amfilifayar tana bin hannu.

Kada ka saurara kana tsaye a kanta sifika na hura maka gwiwa. Ka ja baya kamar mita 3, ko a ɗora ta a kan tebur daidai kunne, domin kaifin amo daga tsakiyar sifika yake fita a miƙe. Ka kuma roƙi mai shago ya bari a ɗaga murya ko na minti biyu ne. Kunnen ɗan Adam ba ya jin ƙasan amo sosai idan ƙara ta yi ƙasa, shi ya sa saitin da ya yi daɗi a ɗaki yake zama laka a dandali.

Peavey 6505 ita ce wadda aka fara fitarwa a 1992 da sunan 5150, tare da Eddie Van Halen, kafin a sauya mata suna. Wat 120 ce, da ƙwai (bututun gilashi masu ƙara ƙarfin amo) huɗu na 6L6 a ɓangaren ƙarfi da biyar na 12AX7 a gaba. Wajen gurnani mai kauri da cizo, ba ta da tsara a cikin ukun nan. Gain ɗinta ya yi yawa har ya wuce buƙata; daga 6 zuwa sama ba ƙarin ƙarfi kake samu ba, ƙarin huci ne kawai. Masu aiki da ita sukan sa Ibanez Tube Screamer a gabanta, Drive a sifiri, Level a sama, domin wannan ɗan akwatin yana yanke ƙasan amo kafin ya shiga ƙwai, sai bugun ya tsuke. Sukan ƙara da abin toshe huci irin Boss NS-2. Aibinta uku ne. Amonta mai tsabta busasshe ne, kuma tashoshinta biyu, ta amo mai tsabta da ta gurnani, Bass da Middle da Treble ɗaya suke rabawa, idan ka gyara wa ɗaya ka ɓata wa ɗaya (a 6505+ ne aka raba su). Sannan ba sifika a jikinta, sai ka sayi akwatin sifika daban. Akwatin nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a amo: sifika Celestion Vintage 30 mai inci 12 tana turo tsakiya gaba, sifika mai arha kuwa za ta mayar da 6505 abin tausayi.

Marshall DSL40CR haɗe take da sifikarta mai inci 12, wat 40, ana iya sauke ta zuwa 20. Ƙwai biyu na EL34 ne ƙarfinta. Amonta ya fi karkata ga saman tsakiya, yana da ƙaiƙayi, yana huda taron kayan kiɗa ba tare da an ɗaga murya ba. Ga mai kiɗan coci ko na biki da zai buga amo mai tsabta a baiti ɗaya ya koma gurnani a na gaba, ta fi Peavey amfani nesa ba kusa ba. Sai dai a tashar Ultra Gain, idan Treble da Presence suka wuce rabi, takan yi tsini mai gajiyar da kunne. Kada wat 40 ya sa ka raina ta. Ninka wat sau biyu desibel (ma'aunin ƙara) 3 kacal yake ƙarawa, kuma Marshall ɗin nan ta isa ta yi gogayya da mai ganguna.

Boss Katana 50 ba ta da ƙwai ko ɗaya, na'ura ce ke kwaikwayon amonsu. Nauyinta bai kai kilo 12 ba, wajen rabin na Marshall ɗin, ana ɗaukarta a Adaidaita Sahu da hannu ɗaya. Tana da maɓallin sauke ƙarfi zuwa wat 25 ko rabin wat don atisaye da dare. Saitin Brown shi ne gurnaninta mafi kyau. Gaskiya idan aka ɗaga murya sosai ba ta da nauyin bugu a ƙirji irin na ƙwai, kuma samanta yakan yi ɗan kaushi. Ana gyara wannan ta kwamfuta da manhajar Boss Tone Studio, a yanke saman amon da ya haura wajen haz (ma'aunin tsinin amo) 6,000.

A Kano, wuta da zafi suna da ta cewa. Wutarmu bolt 230 ce, kayan gwanjo da yawa daga Amurka kuwa na bolt 120 ne. Ka juya bayan amfilifayar ka karanta kafin a jona, in ba haka ba fis ne zai tashi, ko taransifomar ciki ta ƙone. Amfilifayar ƙwai tana canza amo da canjin wuta: wuta ta yi ƙasa, amo ya yi laushi ya rasa cizo, ƙaramin janareto ya yi tsalle, ƙwai su sha wahala. Sitabilaiza mai wat 1,000 wajibi ce gare ta. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, a bar tazara tsakaninta da bango, a sa mata fanka. Da hunturu ƙura kan shiga maɓallai su riƙa ƙarar-ƙarar idan an murɗa, don haka a rufe ta da mayafi bayan ta huce. Kada a taɓa kunna ta ba a jona sifika ba, kuma lambar om (ohm) da ke rubuce a jikin akwatin sifika, 4 ko 8 ko 16, ta dace da abin da aka saita a bayanta. A bar ta a Standby kamar minti ɗaya kafin a fara bugu.

Mai situdiyo da ke da tsayayyiyar wuta kuma gurnani zalla yake nema, 6505 ce tasa. Mai hawa dandali da ke da wanda zai canza masa ƙwai ya daidaita su, ya ɗauki Marshall. Sauran jama'a, musamman mai yawo da kayansa daga wannan taro zuwa wancan a kan wutar janareto, Katana za ta fi yi masa aiki, ragowar kuɗin ya sa a fikof mai kyau da wayar jita mai kauri.