Kiran likita barga saboda dokin da ya soma tabarya da tutsu: inda hidimar ta biya da inda ta gaza

Dokin da aka saba hawa lafiya, idan rana tsaka ya soma tabarya (miƙewa a kan ƙafafun baya) ko tutsu, galibi ciwo ne a jikinsa ko a kayan da aka ɗaura masa. A bargunanmu kuwa abin da aka fi yi shi ne a ce ƙoshi ne, a ƙara masa ƙaimi da bulala, ko a nemo linzamin da ya fi na da zafi. Wannan sharhi kan wata hanya ce daban, wato hidimar da likitocin dabbobi masu zaman kansu ke yi a garuruwan dawaki irin su Kano, Zariya, Katsina da Sakkwato. Za ka kira, likita ya zo barga da jakarsa, ya bi dokin daga baki har kofato. Hukuncinmu tun daga farko shi ne hidimar ta cancanci kuɗinta, amma da sharaɗi biyu: a duba dokin da kayan hawansa na kullum, kuma a gan shi da mahayi a bayansa. Idan an tsallake waɗannan, rabin aiki aka biya.

Ana gane likitan da ya san doki tun daga tambayoyinsa. Yaushe abin yake faruwa: lokacin jan majayi (ɗamarar da ke riƙe sirdi), lokacin da mahayi ya sa ƙafa a likkafa, wajen tashi daga sassarfa zuwa sukuwa, ko sai an ja kamazuru (igiyar linzami) don zamiya? Kowane lokaci yana nuna wuri dabam. Tutsu wajen ɗaura sirdi ko wajen hawa ya fi nuna baya, ƙirji ko ciki. Tabarya da ke biyo bayan jan linzami ta fi nuna baki. Tutsu a farkon sukuwa sau da yawa daga ƙafafun baya ko kwankwaso yake fitowa. Sai tambaya ta biyu: me aka sauya a makonnin da suka wuce? A nan ɗan barga ya fi mai doki amfani. Shi ne zai ce, "Ranka ya daɗe, ai tun da aka sake zubka yake haka," yana nufin shimfiɗar ƙarƙashin sirdi, ko ya ce an ƙara kwanon dawa saboda sallah ta matso. Likitan da bai kira ɗan barga ya zauna da shi ba ya bar shaida mafi ƙarfi a waje.

Awon farko ba ya ɗaukar lokaci, kuma kusan kowa yana yin sa daidai. Zafin jikin doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, numfashi 8 zuwa 16. Ana leƙa ido da tocila, domin dokin da ganinsa ya ragu ta gefe ɗaya yakan firgita ya miƙe idan abu ya ɓullo masa ta can. Ana kuma leƙa kunne, don kaskar da ta maƙale a ciki tana sa doki girgiza kai da ƙin a sa masa ƙalfazuru.

Baki shi ne wurin da hidimar ta fi burge mu. Muƙamuƙin doki na sama ya fi na ƙasa faɗi, kuma mataunansa suna ƙara fitowa kamar milimita 2 zuwa 3 a shekara. Saboda haka kaifi yana taruwa a gefen waje na mataunan sama, inda yake yanka kumatu, da gefen ciki na mataunan ƙasa, inda yake yanka harshe. Dokin da ya fi cin hatsi a kan ciyawa ya fi saurin tara wannan kaifi, don ba ya niƙa da faɗi. Ba a ganin wannan ta ɗaga leɓe kawai. Sai an yi wa dokin allurar kwantar da jiki, an sa masa ƙarfen buɗe baki, an wanke bakin, an haska, an sa hannu har can ƙurya. Idan likita ya ja harshe gefe ya leƙa ya ce haƙora lafiya, bai ga mataunan baya ba. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin haƙori da kan fito daf da matauni na farko a sama, wanda ba kowane doki ke da shi ba, linzami yana buga shi. Ga dukushi mai shekara biyu da rabi zuwa huɗu, haƙoran nono da suka ƙi faɗuwa su ma suna sa shi ƙin linzami. Goge kaifi da magagari aiki ne na ƙasa da awa ɗaya, kuma idan nan ne matsalar, ana ganin sauyi cikin 'yan kwanaki da zarar yankan kumatu ya warke.

Sai dai yawancin likitocinmu sun koyi aiki ne da hoton linzamin Turawa a ransu, mu kuwa linzamin maƙera muke sawa, mai harshen ƙarfe da ke tashi ya taɓa ganɗa da zoben da ke zagaye haɓa. Wannan linzami yana matsa wuri uku lokaci guda: ganɗa, dasashin da babu haƙori tsakanin zaga da matauna, da ƙashin haɓa. A hannun gwani, taɓawa kaɗan ta isa. A hannun yaro mai son burge 'yan kallo da zamiya, yana fasa dasashin har ƙashi ya kumbura. Dokin da aka matsa wa baki daga gaba, aka kuma soka masa ƙaimi daga baya, sama kaɗai ta rage masa, shi ya sa yake tabarya. Don haka a miƙa wa likita linzamin a hannu. Ya shafa shi ya ji ko walda ta bar kaifi, ko tsatsa ta cinye gefe, ko zoben ya yi wa haɓa kaɗan. Ya kuma danna dasashin da babban yatsa, dama da hagu, ya ga ko dokin zai fizge kai. Wannan ba ya buƙatar na'ura, amma sau da yawa sai mai doki ya tuna wa likita.

Duban baya yana da kyau idan an yi shi a natse. Ana bin gadon baya da yatsu daga ƙarshen geza zuwa gindin wutsiya, a kan ƙashi sannan a kan naman gefe biyu. Doki mai lafiya yakan ɗan lanƙwasa ya saki. Mai ciwo yana ƙanƙame jiki, ya kwantar da kunne, ya kaɗa wutsiya, wani ma ya kai hauri. Farin gashi a wurin da ba fari ba ne tun asali, musamman a bayan akawali inda yake fitowa ɓaro-ɓaro, tabo ne na tsohuwar matsa. Kumburi mai zafi ko miki a kan tudun kafaɗa kuwa ba ya buƙatar gardama, sirdi ya huta har ya warke. Akwai ciwon da tsinin ƙasusuwan baya ke matsewa suna gugar juna, yawanci daidai inda mahayi ke zama. Hannu yana iya zarginsa, amma tabbatarwa sai da hoton ƙashi, kuma sai a haɗa da allurar kashe zafi a wurin a sake hawa a gani, domin akwai dawakan da hoto ke nuna matsewar alhali ba ta damunsu.

Sirdi ne babban raunin wannan hidima. Sirdinmu katako ne da aka lulluɓe da fata, mai kwacciya gaba da baya, kuma ba kasafai ake sassaƙa shi don bayan wani doki takamaimai ba. Gado ake yi, ko a saya a kasuwa, a cike giɓin da zubka. Likita kan dubi bayan doki tsirara ya tafi, sirdin yana rataye a zaure. Ga yadda ya kamata a yi. A ɗora sirdin a baya ba zubka, ba a ja majayi ba. Yatsu biyu zuwa uku su shiga tsakanin kwacciyar gaba da tudun kafaɗa, kuma a sake gwadawa bayan mahayi ya zauna, don nauyi yana cinye tazarar. Katakon gefe ya kwanta daga farko har ƙarshe. Idan gaba da baya kaɗai suka taɓa, tsakiya na lilo, duk nauyin mahayi ya koma wurare huɗu ƙanana. Kada ƙarshen sirdin ya wuce haƙarƙari na ƙarshe, wato na 18, don bayansa babu abin da ke tallafe baya. A riƙe kwacciya biyu a murɗa: idan ya yi ƙara ko ya motsa, katakon ya tsage a ciki. A juya shi a shafa ƙasansa a nemi kan ƙusa ko busasshiyar fata da ta tashi. Bayan kilisa a ɗaga zubka a dubi gumi. Busasshen wuri a tsakiyar jiƙaƙƙen baya yana nuna matsa mai tsanani.

Abin da ke sa matsalar ta zo kwatsam shi ne bayan doki ba ya zama ɗaya duk shekara. A bazara, idan harawa ta yi tsada doki ya zube, sirdin da ya dace da kaka sai ya sauko ya zauna a kan ƙashi. Idan ya yi ƙiba kuma sai ya matse kafaɗa. Ƙara zubka a kan sirdin da ya riga ya matse kamar ƙara safa ne a takalmin da ya yi kaɗan. Shawararmu ita ce a gayyaci badukun da ya san sirdi ranar da likita zai zo, su duba tare. Ga kuma nauyi. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce mahayi da kaya kada su wuce kashi 20 cikin ɗari na nauyin doki. Ga doki mai kilo 350, kilo 70 ke nan, kuma sirdi da jalala da likkafun ƙarfe da sauran kayan ado na ranar hawa sun riga sun ci wani kaso kafin mutum ya hau.

Duban ƙafafu yana buƙatar fili mai tauri da ke miƙe, ba yashin barga ba. A ja dokin da ragama yana tafiya, sannan yana sassarfa, a dube shi ta gaba da baya da gefe, sannan a zagaya da shi dama da hagu. Ana naɗe kowace gaɓa a riƙe rabin minti zuwa minti ɗaya, a saki, a sa shi sassarfa nan take. Ana matsa kofato da ƙarfe mai kama da awartaki don neman ƙurji ko tsakuwa. Da damina, dokin da ke tsaye a turke cikin laka da fitsari yakan samu ruɓar tsakiyar kofato mai baƙin ruwa da wari. Gyaran kofato kowane mako 6 zuwa 8 yana hana da yawa daga cikin wannan. Abin lura, idan ƙafafun baya biyu suna ciwo tare, ɗingishi ba ya fitowa fili, don babu mai lafiyar da zai jingina a kai. Irin wannan doki a hannu lafiya lau yake, sai an hau.

Shi ya sa muka nace a kan hawa a gaban likita. A 2018 likitar dawaki 'yar Ingila, Sue Dyson, da abokan aikinta sun fitar da jerin halaye 24 na dokin da ake hawa, ciki har da kwantar da kunne, buɗe baki, kaɗa wutsiya, tutsu da tabarya, suka nuna cewa ganin 8 ko fiye yana nuna ciwon ƙashi ko tsoka. Bidiyon waya na minti goma ya isa a ƙirga su. A sa mahayi ƙwararre a fili mai laushi. Idan dokin ya miƙe, a saki kamazuru, a kwanta gaba a rungumi wuya. Jan linzami a wannan lokaci shi ke kifar da doki ta baya a kan mahayi, kuma buguwar ƙeya a ƙasa tana iya kashe dokin nan take. Gwada shi da wani sirdi, da wani linzami mai sauƙi, da wani mahayi, ɗaya bayan ɗaya, yana ware dalili fiye da kowace allura. Idan ingarma ne, a tambaya ko an kawo goɗiya kusa, don goɗiya tana neman namiji kusan kowane kwana 21 a lokacinta, kuma warinta kaɗai ya isa.

Ciki shi ne inda jakar likita ba ta kai ba. Tumbin doki ƙarami ne, yana zubo ruwan tsami dare da rana ko da abinci ko babu. Dokin da ake ba hatsi da yawa safe da yamma, ya wuni a turke ba ciyawa, yana cikin haɗarin gyambon ciki. Alamunsa su ne cizo wajen jan majayi, rage cin hatsi, rama da tutsu idan an taɓa shi da ƙafa. Tabbatarwa sai da na'urar leƙa ciki mai tsawon mita 3 bayan an hana shi abinci dare guda. Don wannan da hoton ƙashi, a nemi likita ya tura ka asibitin koyarwa na dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a kuma yi waya a ji ranar da za a kai dokin da irin shirin da ake so. Maganin da aka sani shi ne omeprazole na dawaki, miligiram 4 ga kowane kilo, sau ɗaya a rana kafin abincin safe, kwana 28. Ga doki mai kilo 350, miligiram 1,400 ke nan kullum, don haka ƙwaya biyu ta kemis mai miligiram 20 ɓarnar kuɗi ce. Abinci ma sai ya gyaru: busasshiyar ciyawa ko harawa aƙalla kashi 1.5 cikin ɗari na nauyinsa, wato fiye da kilo 5 a rana, hatsi kuma a raba shi kashi uku, kada ci ɗaya ya wuce kilo ɗaya da rabi. Dusa zalla ba harawa tana raunana ƙashi a hankali.

Abin da ba mu yarda da shi ba a wannan hidima shi ne saurin allura. Wasu kan zo, su ji bayani, su yi allurar rage zafi da ta bitamin su tafi. Ba da allurar rage zafi ta phenylbutazone na 'yan kwanaki don a ga ko halin zai sauya dabara ce da ake amfani da ita, amma bayan an gama dubawa, kuma rashin sauyi ba ya wanke doki daga ciwo. Idan gyambon ciki ne ma, ƙara shi take yi. Mafi muni shi ne allurar kwantar da jiki da safen hawa don doki ya natsu cikin jama'a: yana tuntuɓe, ciwon yana nan, mahayi yana sama. Ba a fafe gora ranar tafiya, a kira likita wata guda kafin sallah.

Kafin a yi ciniki, a tambayi likita ko yana da rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa, ko zai zo da ƙarfen buɗe baki da magagari da matsin kofato, kuma ko kuɗin ya haɗa da dawowa ta biyu bayan mako biyu. A ware masa awa biyu da safe kafin rana ta yi zafi, a tanadi mahayi da fili, kuma kada a ba dokin wani maganin rage zafi kwana uku kafin zuwansa, don yana ɓoye abin da aka kira shi ya nemo.